Auta da Mai Awon Gona

"Babu komai tsakanina da shi, ranka ya daɗe."

Auta ta faɗa, idonta a kan siminti. Shugaban ofishin tallafin manoma ya zare tabarau ya ƙare mata kallo.

"Ko hira ba kwa yi?"

"Sai ta gona..."

Shi kuwa malamin gona, wanda ake maganar a kansa, yana jingine da taga. Ta kasa ɗaga ido ta dube shi. Zuciyarta kamar ana yayyafa mata barkono.

Kuma ita ta jawo. Gwamnati ba ta biyan tallafi sai malami ya zaga gona ya auna, ya ga shuka da idonsa. Aikin wuni guda ne. Amma tun ranar da ya shigo gonarsu da igiyar awo a kafaɗa, ƙafar wandonsa duk taɓo, Auta ta rasa natsuwa. Yau ta ce ya manta kusurwar rafi, gobe ta ce turken iyaka ya karkace. Shi ma ɗan albarka ko musu ba ya yi, sai dai ya dawo yana murmushi.

"Auta, gonar nan taku kullum ƙaruwa take yi ne?"

"Kai ne dai ba ka iya awo ba!"

"Allah Ya sa kada in iya, abar ƙaunata."

Sakatariyar ofis, wadda ta daɗe tana ƙarar da turarenta dominsa, ita ta kai tsegumi: wai yana ƙara wa gonar budurwarsa faɗi. Doka kuwa ta hana ma'aikaci auna gonar gidan da yake neman aure. Nan take aka dakatar da tallafin su Auta. Masara ta fara rawaya don rashin taki.

"Tun rasuwar mahaifinku gonar nan ke rufa mana asiri," in ji Inna. "Soyayya za mu zuba wa masara? Tashi ki je ki wanke mu!"

Shi ne ta je ofis ta wanke su a gaban shugaba, ta dawo da zuciya a karye.

Tallafi ya fito, aka zuba taki, gona ta yi kore shar. Shi kam shiru kake ji, ko saƙo babu.

Wayyo, kewa! Da ta ji ƙarar babur sai ta yar da fartanya ta leƙa hanya, ta tarar mai kifi ne. Takan ɗauki waya ta kai kan lambarsa, sai ta tuna kira ɗaya zai iya sake rufe musu tallafi, ta ajiye tana hawaye. Son shi take, so mai hana cin abinci, har zanenta ya fara yi mata yawa.

Ranar da suke ɓare masara a tsakar gida, aka yi sallama.

Shi ne. Ya rame, ya yi duhu.

Masarar hannunta ta suɓuce.

Inna ta miƙe ta tare ƙofa. "Malam, wani awon ne kuma? Don Allah ka rufa mana asiri."

Ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, na bar awon yankin nan. Ni na roƙa aka tura ni ƙauyukan bayan dutse, inda kowa ke gudu. Jira na yi takardar canjin wurin aiki ta fito, kada in sake jawo muku."

"Kai da kanka? Can da ko mota ba ta shiga?"

"Doka ta hana ni auna gonar surukaina, Inna. Sai na zaɓi surukan."

Auta ta toshe bakinta, kuka ya ƙwace mata.

"Tallafinmu fa?" Inna ta tambaya.

"Babu mai taɓa shi."

Inna ta daɗe tana kallon 'yarta, ramammiya, tana kuka tana dariya. Sai ta goge idonta da gefen mayafi, ta kauce daga ƙofa.

"Ke Auta, shimfiɗa wa surukina tabarma mana! Ko shi ma sai gwamnati ta ba ki izini?"