Ranar da Na Wanke Surukata

"Ke? Anfirmiye, ma'aikaciyar jinya?" Abdul'aziz ya yi dariya har shayi ya kusa zubo masa a riga. "Balkina, ke da kika suma ranar layya don kin ga an yanka rago?"

"Ban suma ba. Jiri ne ya kwashe ni."

"To, sai ki je ki yi wa marasa lafiya jiri."

A zauren gidanmu muke, a Kara-Kara. Ya zo zance, ni kuma na tare shi da albishir: na ci jarrabawar shiga lakwal, makarantar koyon aikin jinya. Na ɗauka zai taya ni murna. Wautata ke nan.

"Masoyiyata, ki saurare ni," ya ce, ya sassauta murya irin yadda yake yi in zai faɗi abin da zai ƙona ni. "An sa mana rana bayan girbi. Ni ba zan ci tuwon matar da ta wuni tana kwasar kashin mutane ba. Ki zaɓa."

Na dube shi. Farar shadda, turare kamar an yi ɓari, da hankicin nan da yake goge takalmi da shi in ƙura ta taɓa. Mutum ya samu buro, ofis mai sanyi, a wani furoje na ayyukan raya ƙasa, shi ke nan ya manta shi ma ta hanyar da kowa ya zo duniya ya zo.

Abin haushin, yana da gaskiya a rabin maganarsa. Ina da ƙyama, ba kaɗan ba. Jini, amai, majina... ko jaririn maƙwabta ya ɓata zanin goyo a gabana, ranar tuwo ya fita raina. Amma Babanmu a ƙauye ya rasu, amai da gudawa, babu ko mutum ɗaya da ya iya saka masa ruwa a jijiya. Tun daga ranar nake son aikin nan, ina kuma tsoronsa.

Inna ma ba ta taimake ni ba.

"Ki yi aurenki ki huta, Balki. Wa zai ba ki jinya ke da ake jinyarki in kin ga kaza a yanke?"

In ban je na yi rajista ba kafin a buɗe lakwal, wata za a ba wurina. Na kasa zuwa, na kasa haƙura.

Ana cikin haka aka kwantar da Hajiya, mahaifiyar Abdul'aziz, a asibiti. Ciwon ciki ne mai tsanani. Inna ta dama kunu ta zuba a kwano, ta bi ni har ƙofa da gargaɗi.

"Ki rufe fuskarki. Ki durƙusa daga bakin ƙofa, ki gaida ta a hankali, ki ajiye kwanon ki taso. Kada ki ɗaga ido. Surukarki ce."

Da rana tsaka na isa. Ɗakin mata ne mai gadaje da yawa. Hajara, ƙanwarsa, ta tafi farmasi sayen magani. Shi kaɗai ne a wurin, ya tsaya can jikin taga yana latsa waya, kamar wanda ya zo jiran mota.

Na durƙusa. "Sannu Hajiya... ya jiki?"

Tana jin muryata ta juya fuska bango. Haka ya dace, ita ma kunyata take ji.

Ban kai ga ajiye kwanon ba na ji ta yi nishi, ta naɗe kamar tabarma. Sai abin ya zo mata gaba ɗaya, sama da ƙasa. Zaninta, katifar, har ƙasa.

Warin ya bugo ni.

Abdul'aziz fa? Hankicin ya fito, ya hau hanci. "Bari in kira anfirmiye," ya ce, yana tsallake gefen gadon uwarsa yana tattare bakin riga. Jarumin maza. Anfirmiye ɗaya ce a ɓangaren, tana kan wata mai numfashi sama-sama, shi kuma daga fitarsa bai dawo ba.

Matan ɗakin suka zuba ido suna kallo. Hajiya tana jan zani da hannu ɗaya, hawaye na bin kumatunta.

"Fita, 'yar nan... don Allah ki fita."

Na fita kuwa. Na kai bakin ƙofa ina toshe baki. Sai na ji ƙarfen da aka rataye ledar ruwan da aka saka mata yana ƙara. Na waiwaya, tsohuwa tana ƙoƙarin saukowa da kanta, allurar na neman fita daga hannunta.

Ban san lokacin da na koma ba.

Na cire mayafina na ɗaura daga ƙarfen zuwa taga, na kare ta daga idon mutane. Na sa leda a hannu, na jawo buta da sabulu. Ta riƙe zanin gam.

"Kada ki yi mini haka..."

"Ki rufe idonki, Hajiya. Ni ma ba kallo nake ba."

Ƙarya nake, dole in kalla. Amai ya taso mini, na haɗiye. Ya sake tasowa, na haɗiye. Ina shaƙa ta baki, ina salati a zuci. Na wanke ta tas, na canja mata zani, na goge katifar, na mayar da ita na lulluɓe.

Sannan na fita da gudu na durƙusa gindin bishiyar dogon yaro, na amayar da duk abin da na ci tun safe. Anfirmiyen ta zo wucewa ta miƙo mini ruwa.

"Sabuwa ce ke? Kurkure bakinki. Ni ma haka na fara."

Na zauna a ƙasa ina kuka, ina kuma jin wani abu mai kama da daɗi. Na yi. Da ƙyamar tawa da komai, na yi.

Washegari Abdul'aziz ya zo gida. Na ɗauka godiya ta kawo shi. Wautata ta biyu.

"Kin san abin da kika jawo? Dangi sun ɗauki maganar gaba ɗaya. Yarinyar da ko ɗaki ba a kai ta ba, ta buɗe zanin surukarta. Tanti, gwaggona, ta ce ba ki da kunya a ido."

"Kai kana ina lokacin?"

"Ni namiji ne, Balki. Ya za a yi in..."

"Ban ce ka wanke ta ba. Buta ma ba ka iya cikawa ka miƙo?"

Ya yi kamar bai ji ba. "Ki je ki durƙusa wa su Tanti ki ba su haƙuri. Ki kuma bar zancen lakwal ɗin nan. In kin yi haka, ni zan gyara sauran, masoyiyata."

Zai gyara. Mutumin da ya tattare riga ya tsallake uwarsa shi ne zai gyara mini suna. Na raina shi a ranar, raini mai ciwo, don har lokacin in ya ce "masoyiyata" sai gabana ya faɗi.

Bayan an sallami Hajiya, ta aiko Hajara ta kira ni. Na same ta kwance a ɗakinta, fuska a bango.

"Kin zo, 'yar nan?"

"Na zo, Hajiya. In na yi laifi..."

"Yi shiru. Kada ki ba kowa haƙuri. Waɗanda suke maganar, ko ɗayansu bai zo kusa da gadona ba." Ta maida numfashi. "Amma ki ji gaskiya. Ba zan iya haɗa ido da ke ba. Na gwada a zuciyata, na kasa. In kin shigo gidan nan, kullum na ganki sai in tuna, ke ma ki tuna. Haka aka raine ni, ban san yadda zan canja ba."

Hawaye ya cika mini ido.

"Shi kuwa ni na haife shi, na san shi. Ranar da kika kwanta ciwo, a bakin taga zai tsaya. Ki tafi lakwal ɗinki, Balki. Allah ya yi miki albarka, ya suturta ki yadda kika suturta ni."

Har na fito ba ta juyo ba. Ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, ita ma ba ta ga tawa ba.

Abdul'aziz yana ƙofar gida jingine da moto yana jira, da murmushinsa.

"An daidaita? Kin ba ta haƙuri?"

"Ka aiko a kwashe lefenku."

"Balki... kin san me kike faɗa?"

"Matsa mini, kada in ɓata maka riga."

Na tari kabu-kabu na hau. Ban bari ya ga hawayena ba, sai da muka sha kwana na saki kukan, har mai moton ya rage gudu yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Da safe na je lakwal da kumburarrun idanu. Matar da ke rajista ta tambayi sunana, ba ta ko ɗago kai ba.

"Madam ko madmazel? Matar aure ko budurwa?"

Na tuna ranar da aka sa mana bayan girbi. Sai da ta sake tambaya.

"Madmazel," na ce.