Tallan da Ya Shiga Zauren Suruki

Tsakar gidan Baba Gana da ke Fagge ya cika da kwalaye, har matarsa Inna Kubura ta rasa inda za ta ajiye turmi. 'Yarta Ruwaida na durƙushe a tabarma tana jera katunan koyar da yara, akuya a kan A, ɓera a kan Ɓ, wayarta na ta ƙara a gefe. Ita take zana su da hannunta, a buga mata a Sabon Gari, ta sayar wa malaman firamare. Ta daɗe tana bin makarantu a ƙafa ana ce mata ta dawo wani zangon, sai ga shi yau malamai ne ke nemanta.

Nu'uman ne sila. Shi ne saurayinta, manya sun riga sun shiga maganar, saura sa rana kawai. Ya nuna mata yadda ake biyan Fesbuk ya kai talla ga mutanen da aka zaɓa. Suka zaɓi malaman makaranta, suka dasa alama a taswira kan Fagge da Sabon Gari. A bidiyon ta ɗaga kati tana murmushi tana cewa, "Malam, tsaya! Kai nake nema. Ɗalibanka sun gaji da kallon allo."

Da yamma Nu'uman ya zo zance ya tarar tana ta amsa oda. Ya ce shi kam ya ga alama sai ya bi layi kafin ya gan ta. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, ta ce ai shi kwastoma ne na musamman, ba ya bin layi.

Abin da dukansu suka manta shi ne, gidan su Nu'uman gidan malamai ne tun daga kaka. Mahaifinsa, Malam Abdulmuminu, tsohon hedimasta ne, kuma a Fagge yake. Wata rana bayan la'asar yana zaure cikin abokansa ya buɗe waya zai duba labarai, sai ga fuskar yarinyar da ɗansa zai aura, tana kallonsa ido cikin ido: "Malam, tsaya! Kai nake nema." Wannan yarinya da ko a hanya ta hango shi sai ta sake layi don kunya. Abokai suka kwashe da dariya. Washegari ma ta fito masa, da safe da rana.

Ƙanwar Malam, Gwaggo Ummakulsum, ita ta ɗauko mayafi ta zo wajen Inna Kubura. Ta ce su ba su hana sana'a ba, amma a gidansu ba a taɓa yin surukar da ke tare uban miji a gaban mutane ba. Sa ranar da aka shirya, Malam ya ce a dakata tukuna.

Ruwaida na ɗaki ta ji komai. Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Nu'uman ya kira ta ransa a ɓace, ya ce laifinsa ne, zai je ya gaya wa mahaifinsa cewa na'ura ce ke zaɓar wanda za ta nuna wa, kuma zamani ya wuce wannan.

"Kada ka kuskura," in ji ta. "In ka yi musu da Baba a kaina, da wane ido zan shiga gidan? Gaskiyarsa ce. Ni ma da na san zai gani, da ƙasa ta tsage na shige."

"To ki rufe sana'ar kenan?"

"A'a. Ka bar ni da ita."

Ta goge bidiyon ta ɗauki sabo, hannayenta kawai da katuna, muryarta a tausashe tana sallama. Sannan ta buɗe taswirar nan ta cire Fagge gaba ɗaya daga wuraren da tallan zai je. Ta danna, duk da cewa yawancin masu sayen kayanta a Fagge suke. Oda ta ragu, kwalaye suka zauna. Ba ta aika kowa ban haƙuri da dogon bayani ba, ba ta kuma bari Nu'uman ya faɗa a gida ba. Ta ƙara katunan Turanci saboda makarantun Sabon Gari, har Madam Adaugo, mai wata makarantar kuɗi a can, ta saya wa azuzuwanta duka ta kuma haɗa ta da ƙawayenta.

Ana haka wata rana Malam ya je Sabon Gari gyaran tabarau. Yana zaune yana jira ya buɗe waya, sai ya ji muryar da ya sani, ga hannaye suna juya kati. Ya kalla har ƙarshe. Da ya koma gida ya yi kwanaki yana dubawa, shiru. Ya kira Nu'uman ya tambaye shi wane irin abu ne wannan, mai bayyana a Sabon Gari ya ɓuya a Fagge.

Nu'uman ya durƙusa ya faɗa masa yadda ta cire unguwar baki ɗaya, da irin cinikin da ta rasa, duk don kada ta sake fitowa a gabansa.

Malam ya cire tabarau. Sai ya yi murmushi.

"Wato ko a cikin waya ma sake layi ta yi. Je ka kira mini gwaggonka. Kuma ka gaya wa yarinyar nan ta mayar da Fagge, yaranmu ba su yi mata laifin komai ba. In ta fito mini, ni zan kau da kai."

A guje Nu'uman ya isa ƙofar gidan Baba Gana, yana haki, ko sallamar kirki bai iya yi ba. Ruwaida ta leƙo daga soro, ya ce:

"Ranar Asabar za su zo sa rana!"

Ta juya ciki da gudu ta faɗa jikin Inna Kubura, tana dariya tana hawaye, Inna na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo tambaya. Ranar Asabar kuwa Gwaggo Ummakulsum da kanta ta jagoranci mata masu kawo goro da alewa, kafin ta tafi ta ja Ruwaida gefe ta ce a ajiye mata katuna na ajinta, don ita ma malama ce.

'Yan uwana mata, neman na kai ba ya hana kunya, kunya kuma ba ta hana neman na kai. Ruwaida ba ta jefar da sana'arta ba, ba ta kuma sa masoyinta ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba. Ta yi haƙuri, Allah Ya haɗa mata duka biyun.