Jan Fenti a Jikin Gawo

Da hantsin ranar Talata aka bugo waya caji ofis cewa itace ya danne mutum a Tudun Marke, wani ƙauye gabas da Ɗambatta. Sufeto Mika'ilu ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba. Shekara ashirin da biyu ke nan yana aikin ɗan sanda, kuma a saninsa itace bai cika danne mutum ba sai an taya shi.

Watan Agusta ne, gero ya wuce kafaɗa, hanya duk caɓi saboda ruwan da aka tafka jiya da la'asar. Ga wani hadarin kuma ya yi baƙi ƙirin a gabas, ya tsaya cak ko iska babu.

A tsakiyar wata gona ya tarar da jama'a sun yi cirko-cirko. Wani ƙaton gawo ne kwance, ya murƙushe gero kusan kunya goma. A ƙarƙashinsa ga Malam Hadi, malamin daji na yankin, wanda ba a sare itace sai da takardarsa da hatiminsa.

Sufeto ya tsuguna. Gungumen a kan ƙugun mamacin ya sauka, amma ƙeyarsa ce a fashe. Ya tashi ya nufi kututturen. Yankan injin sare itace ne, a karkace, kamar wanda aka yi da rawar hannu. Ya shafa, ya sansana yatsunsa, warin ɗanyen itace ya buge shi. A jikin ɓawon an rubuta 41 da jan fenti.

"Gonar wa ce?"

"Ta Sabo ce, ranka ya daɗe," in ji mai unguwa. "Mun riga mun miƙa shi hannunku, don samari sun so su far masa. Ranar kasuwa kowa ya ji shi yana ce wa marigayi sai ya ga bayansa."

Da ya koma ofis, DPO ya ce masa shari'ar kisa ba tasu ba ce, jibi Alhamis za a tura Sabo Kano. Sufeto ya san manomin da ya shiga motar nan da tuhumar kisa a wuyansa, ko yana da gaskiya, sai an yi girbi uku ba shi.

Sabo dattijo ne siriri, yana zaune a sel ya haɗa kai da gwiwa.

"Yaushe rabonka da gonar?"

"Tun Asabar, yallaɓai."

"Tun Asabar? To garin katakon da ke manne a takalminka fa, daga sama ya sauko?"

Sabo ya dubi takalmin. "Na je jiya bayan ruwa ya ɗauke. Na gan shi. Tsoro ne ya kama ni na gudu, don na san bakin da na yi. Tara ya ci ni saboda na sassaɓe wa awakina reshe, shi ne na faɗi abin da na faɗa. Amma yallaɓai, kai ɗan manomi ne ko?"

"Ɗan manomi ne."

"To don Allah wane mahaukaci ne zai kada gawonsa a kan geronsa? Gindin nan ne ke cika mini rumbu. Kakana ya tarar da shi a nan."

"Jan fentin fa?"

"'Yan kamfanin katako ne suka bi gonaki suna shafawa. Ba wanda suka tambaya."

Daga nan Sufeto ya wuce gidan mamacin. Matarsa Asiya ta shiga takaba, don haka daga bayan labule ta yi magana, shi yana zaure.

"Tun Juma'a ba ya cikin walwala," ta ce. "Ya dawo ya ba ni hatiminsa na aiki, ya ce in ɓoye, kowa ya tambaya in ce ban sani ba. Na tusa shi cikin tukunyar daddawa."

"Akwai wanda ya tambaya?"

"Jiya, bayan ruwa. Wani ya tsaya a ƙofa ya ce Malam ne ya aiko shi. Ban ga fuskarsa ba. Amma ba ɗan nan ba ne, don ko sallamar kirki bai yi ba, sai Madam, Madam." Can ta ƙara da cewa, "Ashe a lokacin Malam yana can kwance cikin gero, ni kuwa ina ta ɗumama masa tuwo."

Ta miƙo hatimin ta ƙarƙashin labule. Sufeto ya sa shi aljihu da warin daddawarsa.

Washegari Laraba ya dira kamfanin katako na Alhaji Abdulkabir, a bakin titin Kano. Manajan kamfanin, Kamaruddeen, shi ya tarbe shi. Matashi ne tsaf-tsaf, haihuwar Legas, wata huɗu da kama aiki. Duk da zufar da ake yi, ya ɓalla maɓallan rigarsa har wuyan hannu.

"Mun yi babban rashi," ya ce. "Abokin aikinmu ne. Rabona da shi tun Juma'a."

"Wane aiki ya haɗa ku?"

Nan fa baki ya buɗe. Ya ce masu sayen katako na ƙasashen waje sun daina karɓa sai da takardar shaida cewa ba a cuci daji ba. Sauran kamfanoni suna ta jan ƙafa, amma shi ya shawo kan Alhaji su zama na farko a yankin. Sharaɗin mai sauƙi ne: a gonaki ba a yanka sai mataccen itace, kowane ɗaya kuma a dasa biyar a madadinsa. Gobe Alhamis masu tantancewa za su iso daga Abuja.

"Ga fayil ɗin. Matattun itatuwa sittin, ni da kaina na zagaya na sa musu lamba."

Sufeto ya shiga buɗe hotuna. Na ɗaya gawo, na biyu gawo, haka har na sittin. Kowanne tsirara ba ganye, yana tsaye cikin koren gero. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san halin gawo: da damina, lokacin da kowane itace ke ado, shi yake zubar da ganye, har manoma na yi masa tsiya cewa ya ƙi ruwan Allah. Sai kaka ta yi ya sake tohowa, ya ba dabbobi abinci da rani, ya bar wa gona taki. Itatuwa sittin masu rai aka rubuta wa takardar mutuwa.

A shafin ƙarshe akwai gurbin hatimin malamin daji. Fari fat yake.

"Me ya hana shi bugawa?"

"Mantuwa ce kawai. Ya ce ya bar hatimin a gida."

"Litinin da la'asar kana ina?"

"A nan ofis, ana ruwa."

Sufeto ya yi godiya, ya zagaya bayan ofis inda ake tsaga katako. Shugaban masu inji, Zaharaddini, yana wasa haƙoran sarƙa, kuma da ganin kaki ya sunkuyar da kai.

"Injinku nawa ne?"

"Uku. Duk suna sito tun Asabar, ba wanda ya fita."

Sufeto ya nuna masa hoton kututturen a waya. "To yaronka wane ne ya yi wannan?"

Zaharaddini ya kalli hoton, fuskarsa ta murtuke. Tsoro daban, kishin sana'a daban. "Wannan ai cin mutunci ne. Mai aiki sai ya fara yanke baki ta gefen da yake so itace ya faɗi, sannan ya zagaya baya. Wannan kuwa kafa inji kawai aka yi ana addu'a. Allah ne ya sa bai danne mai yankan ba." Ya waiga wajen ofis. "Jiya da safe na tarar da inji ɗaya duk laka, sarƙa ta saki. Makullin sito biyu ne, nawa da na manaja."

"Me ya faru ranar Juma'a?"

"Malam Hadi ya zo, aka ba shi fayil a gabanmu. Ya duba, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wa manaja, 'Samari, ka dawo bayan an yanke gero ka ga matattunka sun yi lif.' Mu ma muka kwashe. Ya ce ba zai buga ba, kuma baƙin Abuja da kansa zai kai su gona su tambayi masu ita."

"Ku da kuka sani, me ya hana ku faɗa wa manajan tun yana shafa fenti?"

"Ranar farko na fara magana, ya ce shi da digiri ya zo, ba da tatsuniya ba. Sai muka zuba masa ido."

Lokacin da Sufeto ya koma ofishin, hadari ya rufe gari har an kunna fitila da rana tsaka. Alhaji Abdulkabir ya iso, yana zaune yana jan carbi. Sufeto ya ciro hatimin ya ajiye a kan fayil ɗin.

"Ga abin da ka je nema wurin Madam."

Kamaruddeen ya kafe hatimin da ido.

"Naɗe hannun rigarka."

"Don me?"

"Gawo ƙaya gare shi. Wanda ya ja mutum ya shiga da shi ƙarƙashinsa, ya kuma fito ta cikin rassansa, ba ya fita lafiya. Naɗe."

Kamaruddeen ya ɓalle maɓallin. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk karce ne, wasu sun fara ruwa. Carbin Alhaji ya tsaya.

"Roƙonsa na je yi," in ji Kamaruddeen, murya can ƙasa. "Na kira shi mu haɗu a gindin lamba arba'in da ɗaya. Na ce ya buga kawai, kafin su yi ganye an yanke su, ba wanda zai sani. Ya ce mutum sittin za su sani, da rumbunansu. Na riga na aika fayil Abuja, na sa Alhaji ya faɗa wa duniya. Ya juya zai hau babur, na ɗauko ƙarfen kwance taya." Ya nuna ƙeyarsa da hannu. "Injin yana bayan mota, da ma na ɗauko ne in yanka masa reshe ya gani da idonsa a bushe yake. Da aka fara tsawa sai na tada injin. Na ɗauka kowa zai ce mai gona ne ke saran busasshen itace."

"Har a lokacin ba ka yarda da shi ba?"

"Sai da ruwan itacen ya fantsamo mini a fuska."

Alhaji ya daɗe yana salati, sannan ya ce, "To Sufeto, baƙin gobe fa? Takardar fa?"

"Wanda zai buga muku hatimi jiya aka binne shi, Alhaji. In har yanzu kuna son takardar, ku fara da wanke fentin nan daga gonakin mutane."

Aka ɗaura wa Kamaruddeen ankwa. Sufeto ya buga wa DPO waya ya ce a buɗe wa Sabo, motar gobe ta sami fasinjanta.

A hanya ruwa ya kece. Can cikin gonaki gawo suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jar lambarsa. Kamaruddeen ya manna goshi da gilashi yana kallonsu.

"Yallaɓai, da gaske duk za su yi ganye?"

"Hamsin da tara za su yi," in ji Sufeto Mika'ilu.