Illo Na Neman Mai Gaskata Shi

"Kowa ƙasa! Zinariyar — maza!"

Da tsakar rana 'yan fashi suka tare motar kat-kat ta masu haƙar zinariya a hanyar Agadas. Su uku ne, fuska cikin rawani. Nasser, ogansu, ya rantse ba za a zubar da jini ba. Direba ya motsa — tau! Harsashi a cinya.

Illo, mai riƙe musu babura, ya kwana biyu tuwo bai wuce masa ba. Rana ta uku ya kai kansa jandarmari, ofishin jami'an tsaro.

"Ni ɗan fashi ne, shef."

Ajidan Baha'uddeen, shugaban ofishin, ya dube shi sama da ƙasa. "Madalla. Wa ya ce?"

"Ni na ce."

"Kai kaɗai? Ina bindigar?"

"Tana wurin Nasser."

"Zinariyar fa?"

"Ita ma."

"Waɗanda aka yi wa fashin?"

"Sun gudu kudu. Ba su da takardar haƙa, ba za su kawo ƙara ba."

"To, ɗan'uwa, alƙali ba ya ɗaure mutum da baki ɗaya. Wanda ya ji haushin abokinsa ma haka yake zuwa. Kawo abin da zai tsaya wa maganarka."

Gumi ya karyo wa Illo. Rabin unguwar Dagmanet sun ga shigowarsa nan. Kafin la'asar labari zai kai kunnen Nasser.

"Don Allah, shef, ka rufe ni. Ko a bayan ƙofa."

"Kaso ba masauki ba ne. Sauka lafiya."

Ya fito. A bakin titi wasu mutum biyu na shan shayi cikin manyan riguna. Bai kai kwanar titin ba babur ya sha gabansa.

Nasser! Naushi ɗaya — Illo a ƙasa!

"Munafuki! Ni na harbi direban, kai ma yanzu zan—"

Ya zaro bindiga. Masu shan shayin suka yi tsalle, ankwa na walƙiya daga aljihu. Jandarmomi ne.

Ajidan ya ƙaraso a hankali, ya ɗauki bindigar da hankici.

"Yauwa. Ga baki na biyu, ga ƙarfe. Illo, yanzu na yarda kai ɓarawo ne."

Na ukunsu an kamo shi kafin magariba. Direba har yau da sanda yake tafiya. Illo ya rasa haƙora biyu, ya samu shekara biyar. Da aka rufe masa ƙofar kaso, sai da ya girgiza ta ya tabbatar ta kullu.