Jakar Atamfar Madam Oluoma

Wa nake karewa a lokacin, Ummi ko kaina? Har yau ina yi wa kaina tambayar nan.

Tun da ta haifi ɗanmu Shehu, Ummi ta daina dariya. Sai ta zuba wa jaririn ido yana kuka, hannunta ya kasa ɗaukarsa. Likita ya ce ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Ya ba da magani, ya kuma haɗa mu da Madam Oluoma, wadda aikinta shi ne ta zo gida ta zauna da iyali a tattauna. Duk Laraba take zuwa Samaru daga Sabon Gari.

Gidanmu gidan yawa ne, ɗakin Inna, mahaifiyata, yana kallon namu. Don haka na zuba atamfa turmi uku a jaka, na roƙi Madam ta riƙa shigowa da ita, a ce dillaliya ce.

"Malam Abdulrahim, ni jakar ba ta yi mini nauyi ba," ta ce. "Amma ka duba ko akwai wanda take yi wa."

Ban duba ba.

A Laraba ta takwas, Madam ta ce kowa ya faɗi abu ɗaya da yake haɗiyewa. Ummi ce ta fara, idonta a kan tabarma.

"Duk ranar da jakar nan ta shigo, sai in tuna ni abin kunya ce a wurinka."

"Haba, farin cikina... don ke nake yi."

"Jiya Inna ta ce son jiki ne ke damuna, ban san darajar ɗa ba. A gaban matan gida. Kana tsaye, ka sunkuyar da kai."

"In na faɗa mata, gobe duk unguwa za a ce matata ta sami taɓin hankali."

"Matarka," ta ce a hankali. "Ka ji ko? Ba Ummi ba... matarka."

Na kasa ɗago ido.

"Ka gaya wa Inna gaskiya, ko ka mayar da ni gidanmu Dogarawa, in yi jinya inda ba a ɓoye ni."

"Ba zan iya ba, Ummi. Ki ƙara mini lokaci."

Sai ga sallamar Inna. Ta ɗaga labule ta tsaya a bakin ƙofa.

"Madam, yau dai buɗe mu gani. Wata biyu kina zarya, ban taɓa ganin sabon zane a jikin kowa ba." Ta juya ga Ummi. "Ke kuma kin iya zaman ciniki, goyon ɗa ne ya gagare ki."

Madam ba ta taɓa jakar ba. Ni kawai ta kalla.

Ummi ce ta matsa. Ta ja zif ɗin, ta zaro turmi ɗaya, har da ƙaƙalo murmushi. "Inna, ga wannan, zai yi miki kyau..."

Ƙaryata take rufewa. Ita da na bari ake zagi.

Na riƙe hannunta, na karɓe atamfar na ajiye gefe.

"Inna, Madam ba dillaliya ba ce. Kayan nan ni na saye su. Ummi ba ta da lafiya, likita ne ya turo Madam ta taimake mu. Na san haka duk lokacin da kike mata faɗa, na yi shiru don ina tsoron bakin mutane. Laifin nawa ne."

Inna ta kalle ni, ta kalli Ummi da hawaye suka wanke wa fuska.

"Ka bar ni ina ɗaukar alhakin 'yar mutane, Abdulrahim?"

"Na bar ki, Inna."

Ta cire takalmanta, ta shigo ta zauna kan tabarma kusa da Ummi.

"To, Madam," ta ce. "Ni me zan yi mata?"