Karen da Ya Ƙi Ruwan Gidan Gwadabe

Mutanen Wudil suna cewa in kare ya dage da kuka a gida, mutuwa ya hango. Na yi shekara talatin da biyu ina koyarwa a firamare, abin da na tsinta kuwa shi ne maganar da kowa ke faɗa ita ce wadda ba wanda ya tsaya ya bincika. Ni dai na san kare ɗaya, na san gidan da ya yi wa kuka, domin gidan ƙanena ne, Gwadabe.

Gwadabe dillali ne a kara, kasuwar shanu. Shekarar da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji, ya ga sa'o'insa suna hawa babur sabo fil, shi kuwa daga sandarsa sai rigarsa. Ba yunwa yake ji ba. Ganin na wani ne ya hana shi sakat. Wani ya kwatanta masa wani boka can bayan Achika, Sabo Mai Tukunya. Abin da ya faru a can, shi ya gaya mini da bakinsa, lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Da hantsi ya isa. Bukka ce a gindin tsohuwar tsamiya, an ɗaure kututturen da ƙyallen da ya taɓa zama fari. Rana tana dukan ko'ina, amma ko tsuntsu ba ya sauka a bishiyar. A ciki tukwane ne jere, bakin kowace a rufe da fata, ga ƙahonni a rataye, ga ƙarni mai riƙe maƙogwaro.

"Sannu da hutawa, Baba," in ji Gwadabe.

"Hutu na matattu ne. Arzikin jira kake so ko na gaggawa?"

"Na gaji da jira. Amma ban da jinin mutum."

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Ka cika jin tatsuniya, yaro. Masu abin, ruwa kawai suke so. Ka saukar da su cikin tukunya a rijiyar gidanka, su sha inda iyalinka ke sha."

"Shi ke nan?"

"Kana da kare?"

"Akwai Dangana. Mahaifina maharbi ne, shi ya bar mini shi."

"Zai gan su, kuma zai yi magana. Ranar da ka saurare shi ka ɗaga tukunyar, ranar za ka koma wa sandarka."

A gaban idonsa aka haɗa ta: zuciyar baƙin bunsuru, dunƙulen tozali, gutsattsarin dalma, zaiba mai gudu a tafin hannu kamar mai rai, da wani shuɗin gari. Aka kuma ba shi ƙulli goma sha biyu na garin, ya riƙa zuba ɗaya a rijiya duk sabon wata.

Arziki ya zo, ban musa ba. Wani Alhaji ya damƙa masa kai shanu Ikko, kafin shekara biyu yana da manyan motoci uku da bene a bakin titi. Sai dai ni ina tambaya: a shekarun nan da duk mai albashi ya koma cin nama kullum, wane mai shanu ne bai yi kuɗi ba? Ba wanda ya taɓa ba ni amsa.

Dangana kuwa ya fara tun makon farko. Ba haushi yake yi ba. Wani siririn kuka ne daga hanci, kamar na jaririn da ya gaji da neman uwa. Barakatu, matar Gwadabe, ta ƙara masa tuwo, bai daina ba. Aka doke shi, aka ɗaure shi a bayan gida. Aka kai shi wurin likitan dabbobi, ya ce lafiyarsa lau. Aka ba wani manomi a Darki kyautarsa, kwana uku sai ga shi da guntun igiya a wuya, ya kwanta a bakin rijiya.

Innarmu da ke zaune a gidan ita ce ta fara tafiya, da ciwon ciki da rawar hannu. Aka ce tsufa. Maƙwabta suka ce ai dama kare ya faɗa.

A zaman makoki na zauna a tsakar gida ina kallon karen nan, tun da ba wanda ya taɓa kallonsa, jinsa kawai ake yi. Sai na lura yana kwance shiru har sai an taɓa guga. Yelwa, babbar 'yar gidan, ta zura guga, ya tashi yana kuka yana cizon igiyar. Na zuba masa ruwan a kasko, ya ja da baya, ya je ya lashi na kwata.

Na tare Gwadabe a zaure.

"Me ke cikin rijiyar nan?"

"Ruwa mana, Yaya."

"Ruwan da kare ya ƙi sha? Kai yaushe rabon da ka sha shi?"

"Ni kullum ina hanya. Yaya, bokon nan naki ya sa ko kare ya yi atishawa sai kin ba shi maki."

"To ka kira masu yasar rijiya gobe, ni zan tsaya a kansu."

Fuskarsa ta canza. "Ba mai shiga rijiyar nan ina raye."

"Ko a haƙa wata, ko a riƙa sayo na 'yan garuwa."

"In an daina sha, an ɓata sharaɗi," ya ce, sai ya kama bakinsa. Daga wannan kalmar na gane ya sani.

Na roƙi Barakatu ta bar shan ruwan. Ta ce, "Yaya Malama, mai gida ya hana ruwan waje shigowa, ni wace ce?" Abin da na iya shi ne na ɗauke ƙaramar 'yarsu, Lubabatu, da sunan zan sa ta makaranta. Na so in haɗa da Yelwa, uban ya ce ita ke taya uwarta aiki. Na ƙyale. Wannan ƙyalewar ce har yau nake kwana da ita.

Maganin kukan da Gwadabe ya samo shi ne bindigar mahaifinmu. Wata Asabar da la'asar ya ja Dangana bakin kogi, ya dawo shi kaɗai. Gida ya yi tsit, maƙwabta har suna yi masa barka.

Bayan wata huɗu haƙoran Yelwa suka fara girgiɗa, ganinta ya dushe, ta riƙa faɗuwa tana sanƙarewa. Ta rasu tana da shekara goma sha uku. Ranar sadakar uku Barakatu ta fito titi ba mayafi, tana kiran Dangana ya zo ya ci tuwo. Ba ta sake gane kowa ba har Allah ya karɓi abarsa.

Sai a sannan ya kira masu yasa. Tukunyar ta daɗe da fashewa, ƙasan rijiyar ya yi baƙi yana ƙyalli. Wasu sun ce aljanu ne suka sha rabonsu. Ni na ce duk wanda ya zuba dalma da zaiba a ruwan gidansa ba ya buƙatar aljani. Ku ɗauki wadda ta yi muku, kaburburan dai uku ne.

Motocin suka tafi ɗaya bayan ɗaya, domin mai su ya daina fita. Aka rufe rijiyar da siminti. Ya yi shekara tara yana zaune a kan murfin, kuma duk wanda ya gifta da bokiti a hannu, sai ya kama masa riga, ya fara wannan siririn kukan ta hanci. Ni nake kai masa abinci. Ban taɓa dukansa don ya yi shiru ba.

Lubabatu tana nan da jikokinta, ita kaɗai ta rage.

Ku masu hanzarin tarawa, ku ji: wanda ya ce zai ba ku ba tare da gumi ba, ya riga ya zaɓi abin da zai ɗauka, kuma ba daga aljihunku zai ɗauka ba. In kuma dabba ta dame ku da kuka a gida, kafin ku ɗauki sanda, ku tashi ku dubi inda take kallo.