Tukunya Mai Ƙofa

A kasuwar Bunguɗu Abdulaziz ya fara ganinta, zaune bayan tukwanen mahaifiyarta, ta yi tagumi. Ya ɗauki wata 'yar ƙarama, irin ta wasan yara.

"A fasa mini bakinta kaɗan. Ƙofa nike so."

Suwaiba ta ɗago kai. "Sabuwar tukunya? Wa zai shiga, aljani?"

"Kifi."

Ta yi dariya, karon farko tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, suka tafi da yayanta Yahaya.

Kifin nasa abin mamaki ne. Bai kai ɗan yatsa ba, asalinsa rafukan Kudancin Amurka, inda ganye ke ruɓewa har ruwa ya koma kamar shayi. Ruwan burtsatse ba ya karɓarsa. Shi ya sa Abdulaziz ke tarar ruwan sama a ɗakinsa na Gusau, ya jiƙa busasshen ganye, ya kife 'yan tukwane cikin akwatin gilashi, don macen ba ta zuba ƙwai sai a ɗaki.

Ya yi ta komawa sayen tukwanen da ba ya buƙata, har zance ya kai gaban manya.

"Sahibata," ya rubuta mata, "macen ta tare a ɗakin da kika yi wa ƙofa. Ni kaɗai na rage a waje."

"Haƙuri, nawa. Baba ya tura Kawu Bawa bincike."

Kawu Bawa, wanda ya daɗe yana so wa ɗansa direban Tsafe ita, ya leƙa ɗakin sau ɗaya ya koma wurin mahaifinta, Malam Labbo.

"Yaya, ruwan sama, ganye, tukwane a kife! Wanga yaro tsibbu yake. Da tukunyar gidanka ya kama ɗiyarka."

Aka hana Suwaiba kasuwa. Abdulaziz ya rame, ya koma zama gaban gilashi ba ya magana da kowa.

"Zan zubar da kifayen," ya rubuta mata, "in haka zai sa a ba ni ke."

"Kada ka soma, rabin raina. In ka zubar, sai a ce gaskiya aka faɗa."

Wata safiya sai ga Malam Labbo da kansa a ɗakin Abdulaziz, yana karanta Ayatul Kursiyyu. Ya zo fasa tukunyar ne, don asiri ya karye. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu cikin akwatin gilashin.

Macen ta fito, rawaya kamar ɗorawa, 'ya'yanta a bayanta kamar an watsa dusa. Ta kai wa yatsansa cizo. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ya kauce, ta bi shi, ta ɗauko shi a baki, ta tofar da shi cikin 'yan'uwansa.

Tsohon ya zare hannunsa. Ya daɗe a tsugune.

"Ta cije ni."

"Haka take in da 'ya'ya, Baba."

"Ita ta maido nata," ya ce a hankali. "Ni nawa har yau shiru."

Ya goge ido da jiƙaƙƙen hannu, ya miƙe. "Turo magabatanka."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ba kiɗa, ba taro, don dangi sun warwatsu, hanya kuma ba ta biyuwa. Da za a fita da amarya, Malam Labbo ya dafa kanta.

"Allah Ya ba ku gidan da ba mai tashin ku daga cikinsa."

"Amin, Baba," in ji Abdulaziz. Suwaiba kuwa sai da suka hau hanyar Gusau ta ce amin.